Farar Kurciyar Hamada: Ginin da Yauƙin Kaktus Ya Ceto

'Yan'uwana masu son tsohon gini, ku matso kusa. Duk wanda ya san daɗin tsayawa cikin soro yana bin bakan gizo da ido har wuyansa ya ƙage, da shi nake magana yau. Na je majami'ar San Xavier del Bac. Na gan ta ido da ido, na ɗora tafin hannuna a jikin bangonta, kuma tun da na dawo babu wanda ya zauna kusa da ni minti biyar bai sha labarinta ba. Hotunanta na daɗe ina gani, amma wallahi hoto ya ci amanar wannan majami'a. Bai kawo ko rubu'inta ba.

Ƙanena da ke aiki a Phoenix, a jihar Arizona ta Amurka, shi ya ɗauke ni bayan sallar asuba. Muka ɗau babbar hanya mai lamba 10, muka nufi kudu maso gabas zuwa Tucson, wanda mutanen wurin ke kira Tusan, tafiyar wajen kilomita 180. Kada ku kawo Sahara a ranku. Hamadar Sonora ba ta tudun rairayi ba ce, ta tsakuwa ce da jajayen duwatsu da ƙaya, ga kuma sarkin wurin, wato kaktus ɗin nan da suke kira saguaro, dogo, kakkaura, kore shar, tsaye ƙyam da hannuwa a sama kamar mai yi wa matafiya barka da zuwa. Wani ya fi mita 12 tsawo, wani ya haura shekara 150 a duniya, kuma sai ya yi shekaru hamsin ko fiye kafin ya fid da hannunsa na fari. Mai haƙuri ke nan! Daga Tucson muka karya kan hanya mai lamba 19, wadda ta miƙe har Nogales a kan iyakar Meziko. A nan na ji kamar na dawo gida, domin allunan wannan hanya da kilomita suke ba da nisa, saɓanin mil ɗin da ya cika Amurka. Mun yi kamar kilomita 16 daga tsakiyar gari, ƙanena ya rage gudu ya ce, “Yaya, dubi damanka.”

Allahu Akbar. Fili ne shimfiɗe, ruwan ƙasa-ƙasa, duwatsu can nesa sun yi shuɗi, sai ga wani abu fari fat, fari sol, mai hasumiya biyu da kubba a baya, ya taso daga ƙasa kamar yanzu aka sauke shi daga sama aka ajiye. Wanda ya fara kiranta Farar Kurciyar Hamada bai yi ƙarya ba. Ni Musulmi ne, ba ibada ta kai ni ba, aikin magini ne ya ja ni, na kuma shiga da ladabin baƙo a gidan mutane. Amma wanda ya san gini, in ya ga gwaninta dole ya sara mata, ko a ina ya same ta.

Gidan mutane na ce, kuma da gangan na faɗa. Majami'ar tana cikin ƙasar al'ummar Tohono O'odham, 'yan asalin wannan hamada tun kafin Bature ya san da ita. Sunan ƙauyen a harshensu Wa:k, suna ne da ya shafi ruwa, saboda kogin Santa Cruz da ke ratsa wurin, kuma shi ne Sifaniyawa suka lanƙwasa ya koma Bac. A 1692 wani fada ɗan ƙungiyar Jesuit mai suna Eusebio Francisco Kino, haifaffen arewacin Italiya, mahayin doki, mai zana taswira, ya iso ƙauyen ya kafa mishan, ya sa masa sunan Francis Xavier. Shi ne ya yaɗa alkama da shanu a yankin. Amma Kino bai ga wannan ginin ba, ya rasu tun 1711 a Magdalena da ke Sonora. Sarkin Sifen ya kori 'yan Jesuit daga ƙasashensa a 1767, 'yan ɗarikar Francis suka karɓi wurin a shekarar da ta biyo, sai a 1783 Fada Juan Bautista Velderrain ya ranto feso 7,000 a hannun wani mai garken shanu na Sonora, aka sa harsashi. Ku ji ƙarfin hali: ƙauye a ƙarshen duniyar Sifaniyawa, mahara na kawo farmaki, kuɗi na bashi, amma mutum ya ce shi fa sai ya yi ginin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na manyan biranen Meziko. Shi ma bai ga ƙarshensa ba, ya rasu a 1790, Fada Juan Bautista Llorens ya ɗora har 1797. Shekara 14 cur.

Su wa suka ɗebo yumɓun, suka buga bulon, suka gasa shi, suka ƙona farar ƙasa, suka kwaso baƙin dutse aka cika cikin bango? Mutanen Wa:k. Ga ƙorafina na farko, kuma ba zan haɗiye shi ba: tarihi ya riƙe sunan kowane fada, ya riƙe adadin bashin har feso na ƙarshe, amma hannuwan da suka ɗora bulo kan bulo cikin wannan rana mai narka ƙwaƙwalwa, sai dai a ce “mutanen ƙauye”. Abin ya tsaya mini a wuya. Mu da muka san darajar Babban Gwani Muhammadu Durugu, muka san wanda ya ɗaura bakunan masallacin Juma'a na Zariya, mun san abin da ake rasawa idan sunan magini ya ɓace.

To, mu zo ga fuskar ginin, domin a nan na kusa cinye safiyata. Hasumiyoyin biyu farare ne, sumul, ba hayaniya. Amma tsakaninsu, inda ƙofa take, sai aka saki hannu: wani faffaɗan allo ja-ja mai launin ƙasa, cike maƙil da sassaƙa, ginshiƙai masu siririn gindi da faɗin kafaɗa kamar an kifa su, reshen inabi yana nannaɗewa, ɓawon kodi, zakuna, 'yan taskoki da mutum-mutumin tsarkakan mata a ciki, baranda ta katako, ga ƙofar icen meskit mai nauyi wadda hannuwa suka shafe har ta yi santsi. Fari, ja, fari. Wanda ya tsara wannan ya san cewa ado ba ya fita sai an ba shi fili ya numfasa, daidai yadda maginin Zariya ko Kano zai bar katanga lami ya tara dagi da zayyana a bakin zaure. Salon Barok ne irin na Meziko, amma kubbar da bakunan da farin bangon duk suna ƙamshin Andalus, kuma ba mamaki, tunda Sifen ta shekara kusan ɗari takwas tana cuɗanya da ginin Musulmi. Ko kalmar adobe da suke kiran bulon ƙasa da ita a can, daga Larabci ta shigo musu, daga aɗ-ɗub. Kunnen Bahaushe ba zai ji ta bai tuna tubali ba.

Sai kyanwa da ɓera! Kada ku kuskura ku je ku dawo ba ku nemo su ba. A jikin wasu naɗe-naɗe guda biyu na fuskar, ɗaya dama ɗaya hagu, an sassaƙa 'yar kyanwa a gefe guda, ɗan ɓera a ɗaya gefen, suna harar juna ta saman ƙofa fiye da shekara 200. Mutanen wurin suna cewa ranar da kyanwar ta kama ɓeran, ranar duniya za ta tashi. Ƙanena ne ya fara hango ɓeran, ni na gano kyanwar. Na ƙaunaci wannan magini da ban san shi ba, mutumin da aka ba aikin ɗakin ibada mai girma haka amma ya samu sararin ɓoye wa yara abin da za su nema.

Hasumiyar gabas kuwa ba a ƙarasa ta ba. Ta yamma tana da 'yar kubbarta a ka, ta gabas kanta a buɗe, kamar wanda ya fito ba hula. Labarai a bakin mutane iri-iri: wasu su ce wayo ne don kada a biya harajin ginin da aka kammala, wasu su ce wani ma'aikaci ne ya faɗo sauran suka ƙi hawa. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne kuɗi suka ƙare. Ni dai abin da na sani, da za a ba ni zaɓi ba zan yarda a ƙarasa ta ba. Wannan rashin daidaito shi ne ya ba fuskar rai. Kuma madalla da masu gyara da ba su ce bari su “cika” aikin magabata ba.

Sai muka shiga. Daga hasken da ke kashe ido zuwa duhu mai sanyi, mai ƙamshin kyandir da tsohuwar farar ƙasa, sai da na tsaya idona ya saba. Da ya saba kuwa, bakina ya mutu. Babu azara, babu katakon rufi, babu kwano: rufin gaba ɗaya bakuna ne da kubbobi na bulo, abin da ya ware ta daga sauran gine-ginen Sifaniyawa da suka rage a Amurka, kuma babbar kubbar ta tashi kusan mita 16 a daidai inda hannuwan ginin suka gicciye. Sannan launi! Ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, kore, ruwan zinariya, daga daɓe har ƙololuwa, mala'iku a kusurwa, mala'iku a jikin baka, fuskoki suna leƙowa daga inda ba ka zata ba. Allon bayan bagadi shi ne amaryar ɗakin: hawa-hawa, ginshiƙi bisa ginshiƙi, mai walƙiya, mai nauyi, mai cika ido, ka rantse katako ne aka sassaƙa ko marmara aka jero, alhali bulo ne da filasta da fenti da ruwan zinariya. Manyan mutum-mutumin kuwa a can cikin Meziko aka sassaƙa su, jakuna suka ɗauko su suka ratso hamada da su, wasunsu har yau tufafin yadi na gaske ake sa musu. Jakuna fa!

Amma ku bar manyan abubuwan, kowa zai gan su. Ƙananan ne suka kama ni. Akwai ƙofa ta gaske a gefe ɗaya, sai mai zane ya ga ɗaya gefen ya yi fayau, ya ɗauki buroshi ya zana mata 'yar'uwa a jikin bango, ƙofar da ba ta buɗuwa, don dai ido ya samu daidaito. Akwai igiya irin wadda 'yan ɗarikar Francis ke ɗaurawa a ƙugu, an yi ta da filasta, ta bi saman bango ta kewaye ɗakin kamar ta ɗaure shi wuri guda. Abin da babu kuɗin sayensa, marmara ko tayil ko labule, sai aka zana shi. Ga kuma wanda ya fi taɓa ni: a ƙasan bango, daidai ƙugun mutum, akwai ɗigo-ɗigon shuɗi da aka danna da yatsa. Na durƙusa na ƙura musu ido. Wani ya tsoma yatsansa a fenti a ƙarshen ƙarni na 18 ya danna nan, ya matsa ya danna can, har ya kai ƙarshen bango. Sunansa ya ɓace, yatsansa yana nan. Ban taɓa ba, haramun ne ga mai son gini ya taɓa zane, amma na daɗe a durƙushe.

A hannun yamma na ɗakin akwai mutum-mutumin Francis Xavier a kwance, an lulluɓe shi da mayafi, mayafin kuma cike da 'yan ƙananan ƙarafuna masu siffar hannu, ƙafa, zuciya, waɗanda suke kira milagros, da hotunan jarirai da na sojoji da 'yan zoben roba na asibiti. Mutane na bin layi shiru, kowa ya zo ya sa hannu a ƙarƙashin kan ya ɗan ɗaga. Na koma gefe na ba su wuri. A nan na gane cewa ba gidan tarihi na shigo ba. Majami'a ce mai rai, ana ibada a cikinta, ana ɗaura aure, ana jana'iza, jikokin waɗanda suka gina ta su ne ke zama a kan bencinta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, wato gyaran. Ku gyara zama.

Wannan gini ya sha wuya. Meziko ta samu 'yanci a 1821, fada na ƙarshe da ke zaune a wurin ya tafi a 1837, ginin ya zama maraya, sai mutanen ƙauyen suka kwashe kayan ciki suka adana a gidajensu. Cinikin Gadsden ya mayar da yankin ƙarƙashin Amurka a 1854. Girgizar ƙasa ta jijjiga shi a 1887, Bishop Henry Granjon ya yi masa babban gyara a farkon ƙarni na 20, 'yan ɗarikar Francis suka dawo a 1913, tsawa ta faɗa wa hasumiyar yamma a 1939. Duk ya jure. Abin da ya kusa kashe shi ba girgiza ba ce, ba tsawa ba ce. Siminti ne. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da kyakkyawar niyya, aka yaɓe shi da filastar siminti don a kare shi daga ruwa. Ku da kuka taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa rigar siminti kun san ƙarshen labarin: simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bulo mai taushi ya jiƙe ya riƙa rugurgujewa a ɓoye, danshi da gishiri suka bi ta ciki suna tunkuɗo zanen da ke bango. Daga waje lafiya lau, daga ciki ciwo.

A 1978 wasu mutanen yankin suka kafa ƙungiyar Patronato San Xavier don nemo kuɗin ceto. Kuma me suka yi? Suka koma baya! Aka bi ginin sannu a hankali ana ɓamɓare simintin, ana cire ruɓaɓɓen bulo ana sa sabo mai taushi irin na asali, sannan aka yaɓe da farar ƙasa da yashi da, ku saurara da kyau, yauƙin kaktus. Akwai wani kaktus mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu, nopal suke ce masa, ana dafa ganyen a tace ruwan mai yauƙi kamar na kuɓewa, a kwaɓa filastar da shi, a shafa, a bi da dutsen kogi ana gogewa har ta yi sumul. Filastar ta kama, ta kore ruwan sama, amma ta bar bango yana numfashi. Da na ji wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe ba laso ba ne wannan? Maginanmu na da suna haɗa katsi na marina da gashin jima da yauƙin dafara su shafe rufin soro, suna jiƙa makuba ta ɗorawa su yi yaɓe. Mutanen da teku da hamada suka raba, ba su taɓa jin labarin juna ba, kowa ya duba dajinsa ya samo tsiron da zai riƙe masa bango. A can an dawo wa wannan ilimi da martabarsa, ana biyan ƙwararru su yi shi, har gidan magina guda ya yi gadon aikin daga kaka zuwa jika.

Cikin ɗakin kuma, daga 1992 zuwa 1997 wata tawagar ƙwararru daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin Paul Schwartzbaum na gidan tarihin Guggenheim, da gwanaye daga Italiya, suka riƙa zuwa suna wanke hayaƙin kyandir da ƙurar shekara 200 da 'yar auduga, taƙi bayan taƙi, suna manne fentin da ya ɗago. Launukan da kowa ya ɗauka ruwan toka ne suka farka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su sabunta ba. Inda zane ya goge, ba su ƙirƙiro masa sabuwar fuska ba, tsufan yana nan, dattin ne kawai ya tafi. Sannan suka koya wa matasan O'odham sana'ar, don kada ilimin ya hau jirgi ya koma Turai. Wannan shi ne gyara. Ba a mayar da tsohuwa budurwa ba, wanka aka yi mata.

Ƙorafi na biyu, gajere: masu waya. Mutum ya shigo ɗakin da wata tsohuwa ke durƙushe tana kuka a hankali, shi kuma ya ɗaga waya sama yana magana da ƙarfi yana juyi. Haba! Shiga kyauta ce, ba a karɓar ko sisi sai abin da ka jefa a akwatin gudummawa, to ko ladabi ai a biya. Na uku kuma ba laifin kowa ba ne: na tarar da ƙarafunan hawa na magina sun rufe wani sashe, hotona bai fita yadda na so ba. Na yi tsaki, daga baya na janye shi, domin filastar farar ƙasa ba a yi mata sau ɗaya a tafi, kulawa take so kullum, kamar yaɓen bayan damina.

Da yunwa ta taso, ba mu yi nisa ba. A filin gaban majami'ar akwai rumfuna na itace da ƙirare, matan O'odham na soya wata faffaɗar waina ta fulawa a kan wutar icen meskit, kamar fanke ne aka shimfiɗa ya kai faɗin faranti, gefe ƙamas-ƙamas, tsakiya laushi, da zafinta. Akwai mai wake, akwai mai jan barkono, ni ta zuma na zaɓa. Na ci ɗaya a tsaye, zuma na bin yatsuna, hayaƙi na shiga idona, farar hasumiya a gabana. Na ce a ƙaro.

Muka leƙa ƙaramin ɗakin addu'a na yamma, wanda kyandirori suka cika har zafinsu na dukan fuska, muka ratsa ɗan lambun kaktus, sannan da rana ta karkata muka hau tudun da ke gabas, mai farin gicciye a kai, inda aka yi kwaikwayon kogon Lourdes na Faransa. Hawan ba wuya, minti kaɗan ne. Daga can ne ake ganin abin da ba a gani daga ƙasa: bayan ginin, kubbobi ƙanana suna bin babbar kamar 'yan tsaki, layin katangar rufi yana hawa yana sauka, gonakin ƙauye kore a gefe, Tucson can arewa. Farin ya fara komawa ruwan zuma, daga nan ya yi ja-ja. Ƙanena ya duba agogo ya ce, “Yaya, Tumacácori fa? Akwai sauran tafiya.” Wata tsohuwar mishan ce a kudu kan hanyar Nogales, wadda aka adana a matsayin kango, kuma tana cikin shirinmu tun daga gida. Na ce masa ta jira gobe, ya nemo mana wurin kwana a Tucson, domin ina so in ga Kurciyar nan da hantsi kafin masu waya su iso.